Garken Baba: mu sayar gaba ɗaya ko mu bar iri?

Autan Malam:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda ya san harkar shanu ya buɗe baki, kada a sallame ni da "Allah ya zaɓa mafi alheri" kaɗai, duk da ita ma ina so.

Mahaifinmu ya rasu bayan ƙaramar Sallah. Iyayenmu mata biyu sun fita takaba makon jiya, shi ya sa maganar gado ta taso. Ya bar gona a wani ƙauye tsakanin Kaduna da Zariya, ba zan faɗi sunan ƙauyen ba saboda dalilin da kowa ya sani. A gonar akwai shanu 46: mata masu haihuwa 21, karsana 7, bijiman barbara 2, matasan bijimai 6, maruƙa 10.

Ba shanun tatsa ba ne. Baba kiwon haihuwa yake yi. Saniya ta haihu, a bar wa maraƙi nononsa ya sha ya ƙoshi, in bijimi ya kai shekara biyu da rabi ko uku sai 'yan turka, masu ɗaure dabba su ciyar da ita ta yi ƙiba, su zo har gona su saya. Tushen garken farare ne, Bunaji, amma tun ina ƙarami yake sa bijimin Bokolo daga ƙasar Sakkwato, bayan 'yan shekaru ya canza wani don kada uba ya hau 'ya'yansa. Shi ya sa shanunmu suke da faɗin ƙirji da nauyi, ga su da juriyar farare. Duk saniyar da ta yi faɗa ko ta ƙi maraƙinta, ba ta ƙara damina a garken.

Mu 'ya'ya tara ne, maza biyar mata huɗu, kuma babu mai zama a ƙauyen. Ni ina koyarwa a cikin gari. Yayanmu babba ya samo wani Alhaji da ya ce zai saye duka a dunƙule, ya kawo tirela ya kwashe rana ɗaya, kuɗi su shiga asusu a raba. Yaya ya ce a huta. Ni kuma tun da na ji maganar tirelar nan ban yi barcin kirki ba. To ni ne ƙarami, ba ni da bakin musu sai da hujja. Me kuka gani?

Ɗan Kawo:
Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Ku sayar kawai. Wa yake ajiye shanu a daji a wannan zamanin?

Dillalin Kara:
Allah ya gafarta masa. Ƙanena, shekarata sama da 20 a wannan sana'a, zan gaya maka abin da in 'yan'uwana dillalai suka gani za su ji haushina. Mai sayen garke a dunƙule ba alheri ya zo yi muku ba. Kuɗin nama zai lissafa wa kowace dabba, har ya rage saboda maruƙa da guzumaye. In ya kwashe, kafin tirela ta kai Kaduna ya riga ya ware su kashi-kashi: karsana da masu ciki ya kai wa masu neman iri da tsada, bijimai ya ba 'yan turka, tarkacen ya loda zuwa Legas ko Fatakwal. Ribar da ke tsakani ita ce gumin mahaifinku na shekara talatin.

In dai sayarwar za ku yi, ku ware da kanku. Kuma kada ku kora su kasuwa gaba ɗaya. Dabbar da ta shiga kara ta kwana biyu ba a sallama ba, kowa ya san mai ita ya matsu, tayin jibi ba zai kai na yau ba. Ku kira masu saye gona, biyu ko uku a ranaku daban-daban. Wanda ya taya ƙasa ku ce albarka, ba faɗa. La'ada kuma a yanke ta tun kafin a fara ciniki, kowa ya ji da kunnensa.

Tambaya: Alhajin ya buɗe bakinsu ya duba haƙora, ko daga bakin shinge ya tsaya ya yi kuɗi?

Autan Malam:
Daga cikin mota ma ya fara, sannan ya fito ya zagaya sau ɗaya. Bai taɓa ko ɗaya ba.

Dillalin Kara:
To ka ji. Wanda ya yi kuɗi bai duba baki ba, ya bar wa kansa filin da ko rabinsu guzumaye ne ba zai faɗi ba.

Manomin Giwa:
Ni maganata daban ce, kuma ba daga littafi na karanto ta ba. Muna da shanu 38 a gidanmu. Dare ɗaya a daminar 2021 aka zo da babura aka kore su, aka bar mana maruƙa uku a dangwali, igiyar da ake ɗaure maruƙa, suna kuka. Yaron da ke kiwon ya kwana biyu a daji kafin ya dawo, ƙafafunsa duk sun fashe. Mun bi sawu, mun kai ƙara inda ake kaiwa, mun kashe kuɗin mota da na waya, har yau ko igiya ba mu gani ba. A wannan shekarar ce gwamnatin jiha ta hana shiga da fita da dabbobi, ta rufe kasuwannin mako a su Giwa da Birnin Gwari da Chikun da Igabi da Kajuru, aka kuma katse layin waya a wasu yankuna. Wanda ma shanunsa suka tsira bai da inda zai kai su.

Wata biyu kafin abin ya faru wani ya taya mana su, babanmu ya ce albarka. Har ya bar duniya yana maimaita wannan albarkar. Dillali yana maganar ribar da za ku rasa in kun sayar a dunƙule, ni ina maganar uwar kuɗin. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka san abin yi.

Ɗan Kawo:
Ato. Kuma wanda kuka ba kiwon shi ne zai fara nuna hanya. Kar ka yarda da su.

Jikan Arɗo:
Ɗan Kawo, su wa? Faɗi sunan mana. Kafin a taɓa saniyar Bahaushe ɗaya, garken Fulani nawa aka share a dajin Kamuku da Birnin Gwari? Kawuna yana da shanu sama da ɗari, yau gadi yake yi a wani shago a Rigasa. Shi ma shi ya nuna wa kansa hanya? Mutum ya zo neman shawara a kan gadon ubansa, kai ka zo da zagin ƙabila.

Ɗan Kawo:
Ni ban ambaci ƙabila ba, kai ka tsargu.

Mai Kula da Zaure:
Ya isa. A koma kan shanu. Wanda ya ƙara jefa magana irin wannan zan cire sharhinsa, ba sai na yi sallama ba.

Autan Malam:
Manomin Giwa, Allah ya mayar muku da alheri. Wallahi wannan ita ce babbar hujjar Yaya, kuma ba ni da amsarta. Wajenmu an samu sauƙi, amma sauƙi ba tabbas ba ne.

Game da mai kiwon, Baffa muke ce masa. Tun kafin a haife ni yake tare da Baba. Shi ya koya mini riƙe sanda. Ranar jana'iza shi ya fi mu kuka.

Likitan Dabbobi:
Allah ya jiƙan Malam. Ko za ku sayar ko za ku riƙe, akwai aikin da ya kamata a yi kafin a ƙara maganar kuɗi, kuma yini ɗaya ya isa.

A samo likita ya duba cikin matan nan 21 da manyan karsanan. Ana sa hannu ta dubura, daga wata biyu zuwa uku ana gane ciki. Wannan ya fi komai muhimmanci. Duk wanda ya taɓa aiki a mayanka ya san yawan 'yan tayin da ake fitarwa daga cikin shanun da aka yanka, abin ba daɗin gani. Mai su bai san suna da ciki ba, ya sayar da rai biyu a kuɗin ɗaya. Saniya tana ɗaukar ciki wata tara da 'yan kwanaki, kuma yadda ake kiwo a wajenmu karsana kan kai shekara huɗu, wani lokaci biyar, kafin haihuwar fari, sannan galibi sai ta tsallake shekara kafin ta sake. Ka lissafa da kanka shekarun da ake ɗauka kafin a tara mata 21 masu haihuwa waɗanda aka san halinsu. Sayarwa yini ɗaya ce.

A duba haƙora a rubuta. Wadda bakinta ya cika, haƙora takwas, har sun fara cinyewa, ta kusa gama aiki. Babbar saniyar da ta yi shekara uku a jere ba ta haihu ba juya ce, abinci kawai take ci. Waɗannan su ne na farkon fita. A tambayi Baffa ko akwai wadda ta taɓa ɓari, musamman a ƙarshen ciki, ko mai kumburin gwiwa. In akwai a ɗebi jini a gwada bakkale, ciwon da ke sa ɓari, domin ciwon yana kama mutum ta ɗanyen nono, kuma bai halatta ka sayar wa wani a matsayin iri ka kai masa cuta garke ba. A tabbatar an yi musu allurar ciwon huhu ta bana, a ba su maganin hanta da na tsutsa, a wanke kaska. Yanzu tsakiyar damina ne, lokacin kirci, ciwon fatar nan, ku duba bayansu.

Batun lokaci kuma: jikin shanu ya fi kyau a kaka, Oktoba zuwa Nuwamba, sun ƙoshi da ɗanyar ciyawa ga karmami da harawa a gona. Mafi muni shi ne bazara, Maris zuwa Mayu, lokacin da ake ƙirga haƙarƙari daga nesa. Babu abin da ke kora ku ku sallama a watan Agusta.

Autan Malam:
Likita, Allah ya saka. Na kwafe wannan na tura wa zauren gidanmu yadda yake.

Ma'aikacin Banki:
Ni a ganina a cire tausayi a yi lissafi. Albashin mai kiwo, magani, dusa da anguriya da kanwa a rani, gyaran shinge, ga wadda za ta mutu. A shekara maruƙa nawa ake samu? In goma ne, a raba wa mutum goma sha ɗaya. Kowa bai samu ko maraƙi ɗaya cikakke ba. Ku sayar, kowa ya sayi fili ko ya ja jari.

Mai Turka a Rigachikun:
Ranka ya daɗe na banki, wanda ya sayar da garke a farkon 2023 ya zuba kuɗin a asusu, yau shanu nawa kuɗin za su saya masa? Lokacin dala ba ta kai naira 500 a farashin gwamnati ba, a 2024 ta haura 1,500. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin tirela ya tashi, aka rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yuli, dabbar da ke shigowa ta su Maigatari ta ragu. Saniya tana bin kasuwa tana tashi, kuma tana haihuwa. Takardar kuɗi ban taɓa ganin ta haihu ba.

Amma gaskiyarka a kan ciyarwar rani. Buhun dusa yanzu sai mutum ya yi bismilla kafin ya tambayi kuɗinsa.

Autan Malam, bijiman nan shida kada ku haɗa su da kowa. Ku ɗaure su wata uku zuwa huɗu a kan dusar masara da harawa da kowar wake, ɗan kanwa a ruwa, ku fitar da su a Disamba lokacin da 'yan kudu ke loda kaya. Ko ku sayar mana haka, mu yi wahalar. Irin haɗin Bokolo da fari da ka faɗa shi muke nema, yana karɓar kiwo da wuri.

Ma'aikacin Banki:
Shi ya sa na ce fili, ban ce a bar kuɗi a kwance ba. Fili ba a kora shi da babur.

Manomin Soba:
Ba wanda ya yi maganar gonar. Shekara talatin shanu suna kwana a kanta, ana matsar da mashekari daga wannan gefe zuwa wancan. Ranar da suka tafi, masarar da kuke samu ba za ku ƙara ganin ta ba sai kun zuba buhunan takin zamani. Wannan ma ku sa shi a lissafi.

Yaya Hajiya 'Yar Tudun Wada:
Na karanta duka, maza ne ke ta magana, ba wanda ya tambayi abin da matan gidan suke so. Ƙanena, bari in ba ka labarina ka ɗauki abin da za ka ɗauka.

Babanmu ya rasu ya bar shanu. Yayyenmu maza suka ce kada a raba, a bar garken Baba yadda yake, albarkarsa ta fi. Muka yarda, don a lokacin in ka ce a raba kamar ka ce ba ka son uban. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Duk lokacin da na tambaya sai a ce "shanunku na nan, suna gaishe ku". An sayar an yi wa wannan aure, an sayar an biya wa wancan kujerar Makka, an ce biyu sun mutu, an ce uku sun ɓata. Da mijina ya kwanta asibiti na nemi a sayar da ɗaya a cikin rabona, sai aka ce ba lokacin sayarwa ba ne, a bari kaka. Ya rasu kafin kakar. Wani na riƙe da ƙaho wani na tatsa, kuma mai riƙe da ƙahon kullum mace ce.

Ban ce kai haka za ka yi ba. Yayyena ma ba da niyyar cuta suka fara ba. Amma garken da ba a raba ba na wanda ya fi kusa da shi ne. In kana son irin Baba ya tsira, a fara rabawa kowa ya san tasa da kamanninta, a rubuta, a sa shaidu. Wadda take son kuɗi a ba ta kuɗinta a farashin kasuwa, ba farashin 'yan'uwantaka ba. In ya so kai da masu ra'ayinka ku haɗa naku ku ci gaba. Kada ka sa 'yan'uwanka mata su biya kuɗin kewar da kake yi wa mahaifinku.

Autan Malam:
Yaya Hajiya, maganarki ta dake ni. Wallahi ban tambaye su ba. Na ɗauka duk abin da nake ji su ma shi suke ji. Ɗaya daga cikinsu mijinta ya rasa aiki tun bara, haya suke.

Malamin Islamiyya:
Hajiya ta riga ni. Dukiya ta zama ta magada tun ranar rasuwa, jinkirta rabo ba tare da yardar kowa ba zalunci ne ko da an kira shi zumunci. Tsarin kuma sananne ne: a fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya in akwai, kada ta wuce sulusi, sannan a raba. Matan biyu su raba tumuni a tsakaninsu tunda akwai 'ya'ya. In marigayin bai bar iyaye a raye ba, sauran na 'ya'ya ne, namiji rabon mata biyu. A bincika kuma ko akwai zakkar da ta wajaba bai fitar ba, don garken ya wuce nisabi, shanu 30 ne farkonsa.

Sai dai kafin duk wannan akwai tambayar da ban ga an yi ba. Shanun nan 46, duka na marigayin ne? A garken gida da wuya a rasa na matan aure, na sadaki ko na gadon gidansu, da na mai kiwo da ake ba shi ladan aiki. Abin da ba na mamaci ba ba ya shiga gado, kuma wanda ya sayar da shi ya sayar da kayan wani.

Jikan Arɗo:
Allah ya gafarta Malam, nan ne wurin. Mutumin da ya yi shekara sama da talatin yana kiwo ba zai rasa nasa a ciki ba. Kuma ba zai faɗa ba sai an tambaye shi, kunya ba za ta bar shi ba. Autan Malam, kada ka kira shi a waya. Ka je ka kwana, ka same shi da asuba wajen dangwali, ka ce ya ba ka tarihin kowace saniya. Zai gaya maka uwarta da kakarta da inda aka samo su. Takardar garken tana kansa.

Sabon Manomi:
Ni da ni ne sai in sayar da su duka in sayi 'yan Friesian biyar. Nono ne kuɗi yanzu. Ga gonar kamfanin madara na Arla a Damau, ga Milcopal, ƙungiyar masu samar da madara, suna karɓar madara, a cibiyar binciken dabbobi ta Shika ma an daɗe ana haɗa Friesian da Bunaji. Ga ma'aikatar kula da kiwo da aka kafa a 2024. Zamani ya wuce bin saniya da sanda.

Likitan Dabbobi:
Ɗan'uwa, wannan wata sana'a ce daban. Saniyar madara tana son ruwa da abinci a gabanta kullum, da inuwa, da mai tatsa safe da yamma, da hanyar kai madarar kafin ta lalace. Kaska da kirci da sammore, ciwon da ƙudan tsando ke kawowa, da fararen nan ke jurewa, ita kwantar da ita suke yi. Mutanen da ba mai zama a gona a cikinsu ba su ne za su fara wannan ba.

Dattijon Unguwar Rimi:
Jikana ne ke rubuta mini. Na ga bushiyar 1983, annobar shanun nan, da idona, na ga garke ya kwanta cikin mako guda, ungulu har sun gaji. Waɗanda suka farfaɗo bayan nan ba masu kuɗi ba ne, waɗanda 'yan mata biyar ko shida suka rage musu ne masu kyau. Yaro, in rabo ya zo kada ka yi kwaɗayin babban sa don a ce kai ka ɗauki bijimin Baba. Ka nemi karsana da matasan mata. Bijimi ana aro, ana saye a kasuwa. Uwa tagari ba a kai ta kasuwa sai dole.

Autan Malam:
Na gode Baba, Allah ya ƙara lafiya. Jumma'a in sha Allah zan tafi ƙauyen. Zan dawo muku da abin da na samo.

Manomin Giwa:
Ka tafi da rana, ka kuma daina faɗin ranar tafiyarka a fili.

Autan Malam:
Salam. Na dawo, ku yi haƙuri da tsawon rubutu.

Na kwana biyu a can. Da asuba na samu Baffa ya hura wuta a tsakiyar garke saboda sauro da ƙuda, shanu sun kewaye hayaƙin suna tuƙa. Na ce masa abin da Jikan Arɗo ya ce in faɗa. Bai ce komai ba, ya miƙe ya ɗauki sandarsa, ya fara kiran su ɗaya bayan ɗaya. Kowace ya kira sai ta ɗago kai. Ya dafa wata fara mai baƙin kunne ya ce wannan jikar Amarya ce. Na ce wace Amarya? Ashe karsanar da Baba ya ba mahaifiyata sadaki ita suke kira haka. Ta mutu tun ina firamare, amma zuriyarta tara ne a garken yau, har da saniyar da ta fi kowace haihuwa, wadda ba ta taɓa tsallake shekara biyu ba. Ni ɗan cikin mahaifiyata ban sani ba. Da na dawo na tambayi Hajiya, wato mahaifiyar tawa, sai ta ce, "Wa ya tambaye ni?"

Na Baffa biyar ne. Sai da na yi tambayar sau uku kafin ya nuna su, yana kallon ƙasa. Ya ce ranar da Alhajin ya zo zagaye yana tsaye yana ji ana ƙirga nasa a ciki, ya kasa magana don kada a ce Malam bai daɗe a ƙasa ba ya fara jayayya da 'ya'yansa. Duk akwai tsaga a kunnen hagu, irin wadda sauran ba su da ita, kuma limamin ƙauyen da wani abokin Baba sun tabbatar. Kenan da tirelar nan ta zo, da mun sayar da shanu 14 da ba namu ba.

Na gado 32 ne. Mun kai likita, mata 12 a cikin duka garken suna da ciki, uku guzumaye ne, ɗaya juya. Ba a samu mai tarihin ɓari ba, amma ya ɗebi jinin huɗu don a tabbatar.

Mun zauna ranar Lahadi da malamin da zai yi rabon. Yaya da ya ji maganar shanun Hajiya da na Baffa ya yi shiru ya daɗe, sannan da kansa ya kira Alhajin ya ba shi haƙuri. Yayyena mata uku sun ce kuɗi suke so, ta huɗun ta ce a bar mata nata. Maza biyu kuɗi, har da Yaya. Matar Baba ta biyu ma kuɗi, za ta koma wajen danginta. Hajiya ta ce ko kunnen jikokin Amarya ba mai taɓawa tana raye.

Ma'aikacin Banki:
A takarda lissafin ya faɗa daidai: tumunin 32 huɗu ne, saura 28, kashi 14, mace biyu namiji huɗu.

Malamin Islamiyya:
A ƙidaya ne ya faɗa daidai. Maraƙin wata huɗu da saniya mai ciki ba ɗaya ba ne. Sai an yi wa kowace ƙima, a raba ƙimar, wanda dabbarsa ta haura rabonsa ya cika wa ɗan'uwansa.

Autan Malam:
Haka malamin ya ce. Za a kawo mutum biyu da suka san kasuwa, waɗanda ba masu saye ba ne, su yi wa kowace kuɗi a gaban kowa. An yarda a jira kaka. Bijimai shida da guzumaye da juyar za su fara fita, daga nan a sallami masu son kuɗi. Abin da bai cika ba ni da yayyena biyu za mu cika daga aljihu, mu riƙe matasan matan. Ni sai na sayar da filina na Mararraban Rido kafin in iya, matata ba ta ji daɗin wannan ba tukuna.

Abin da ya rage mai wuya shi ne Baffa. Ya ce gwiwoyinsa sun gaji, yaransa biyu suna gari ɗaya yana acaɓa ɗaya yana makaranta, ba mai son sanda. Ya yi alkawarin zai kai mu ƙarshen rani mai zuwa, masu cikin nan su haihu a hannunsa, bayan nan zai kora nasa biyar ya koma wajen ƙaninsa a Ladduga. Wanda zai gaje shi ban san inda zan samo shi ba. Sai kuma babban bijimin, Yaya yana so a sayar don shi ya fi kuɗi, Baffa ya ce dama ya kai lokacin canzawa, 'ya'yansa mata sun fara tasowa. Ni dai ban so a kai shi mayanka.

Yaya Hajiya 'Yar Tudun Wada:
A rubuta komai, ƙanena. Ta huɗun da ta bar nata, a ɗauki hoton shanunta a ba ta, duk haihuwa a kira ta a gaya mata ranar.

Jikan Arɗo:
Maganar mai kiwo ka bar wa Baffa ya nemo da kansa, ba zai miƙa su ga wanda bai yarda da shi ba. Amma ku yanke sharaɗi tun yanzu, kuɗi ne a wata ko dabba a shekara, kuma a faɗa a gaban mai unguwa.

Mai Turka a Rigachikun:
Bijimin shekararsa nawa? In bai wuce bakwai ba kuma ƙafafunsa lafiya, akwai wani maƙwabcina mai mata goma sha da ke neman Bokolo na barbara, ba yanka zai yi ba. Turo mini hotonsa ta gefe da ta baya, da na haƙoran in Baffa zai iya buɗe bakin.

Autan Malam:
Baffa ya ce damina shida. Hoton sai ranar Asabar, wayarsa ba ta ɗauka.